Daga Dambanas Zuwa Landan: Hausawa da Yawon Ganin Biranen Ingila

Hausawa sun ce gani ya kori ji, sai dai karin maganar ba ta ambaci wanda ya riƙe hannun baƙo yana zaɓa masa abin da zai gani ba. A yau kamfanonin yawon buɗe ido na Birtaniya suna sayar da wata tafiya wadda hanyarta kusan ɗaya ce ko wane kamfani mutum ya bi: a tashi daga Landan cikin babbar motar fasinja, irin wadda mu nan muke ce wa kar, a biya ta Okusfod a ga tsofaffin makarantu, a ya da zango a Bath inda Rumawa suka gina wurin wanka bisa wani marmaro mai ruwan zafi, a haura arewa zuwa Cesta da Yok masu ganuwa, sa'an nan a shiga jirgin ƙasa zuwa Edinbara, babban birnin Sikotilan. Kwana goma ko mako biyu, an gama. Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan malamin lakwal na Cadakori da wannan hanya, mu da aka raine mu da sunayen Faris da Bordo da Marsai? Ruwanmu kuwa yana ciki, domin mafi daɗewar labarin Landan da muke da shi cikin harshen Hausa ɗan ƙasar nan ne ya bayar da shi, kuma domin saura ƙiris ya rage da Gobir da Katsinar Maraɗi sun zauna cikin rabon Ingila.

Shi wannan yawo na ganin birane bai daɗe ba kamar yadda tsufan biranen yake sa a zata. A tsakiyar ƙarni na 18, karusar dawaki takan yi fiye da kwana goma tsakanin Landan da Edinbara, tafiyar da ba ta kai nisan Yamai zuwa Maraɗi ba. Wanda ba shi da dukiya ko larura ba ya taɓa ta. Jirgin ƙasa ne ya sauya al'amarin. A 1830 aka buɗe hanyar dogo tsakanin Libaful da Mancesta, a 1862 kuma jirgi yana haɗa Landan da Edinbara cikin awa goma da rabi. Tsakanin waɗannan shekaru biyu, ranar 5 ga Yuli 1841, wani mutum mai suna Thomas Cook, mai wa'azin barin shan giya, ya yi jinga da kamfanin jirgi ya kwashi mutum wajen 500 daga Lesta zuwa Loughborough su je taro su dawo, kowa sule guda. Daga wannan ƴar tafiya sana'ar ta samo tushe: mutum ɗaya ya tsara hanya, ya sayi tikiti a dunƙule, ya tanadi masauki, saura su bi shi a baya.

Su ma biranen sai da aka yi gardama a kansu kafin su zama abin kallo. Yok, wadda Rumawa suka kafa a shekara ta 71 bayan haihuwar Annabi Isa, tana alfahari yau da ganuwarta mai tsawon fiye da kilomita uku, baƙi suna hawa suna zagaya gari a kanta. Amma a farkon ƙarni na 19 hukumar garin da kanta ta nemi izinin rushe ta, wai ta tsufa, tana tare hanya, gyaranta yana cin kuɗi. Wasu ƴan gari ne suka tashi tsaye suka hana, suka tara kuɗin gyara. Ko da hakan, da jirgin ƙasa ya iso sai da aka huda ganuwar aka shigar da dogo, aka gina tasha a cikin birni. Duk wanda ya san halin da ganuwar Kano take ciki, ko ya nemi ta Katsina bai sami sai ɓurɓushi ba, ya san irin wannan gardama, ya kuma san ɓangaren da ya yi rinjaye a wajenmu.

A cikin wannan zamani na farkon dogo ne wani yaro daga ƙasar Damagaram ya sauka Landan. Sunansa Dorugu. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance. Yana ɗan shekara goma sha wani abu mahara suka kama shi, aka bi da shi ta Zinder har Kukawa, babban birnin Barno, inda ya faɗa hannun Adolf Overweg, wanda ya fanshe shi ya ƴanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Overweg Bajamushe ne, haka ma abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da Abdulkarim, amma gwamnatin Ingila ce ta aiko su. Ƙasarmu ba baƙuwarsu ba ce: a Janairun 1851 Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina, shi kuwa Overweg ya ratse yamma ya ziyarci Maraɗi da Gobir. Da Overweg ya rasu a bakin tafkin Cadi a 1852, yaran biyu suka koma hannun Barth, suka bi shi ta Katsina da Sakkwato har Tumbutu, suka komo Kukawa, sa'an nan a 1855 suka ƙetare hamada ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus. Daga can jirgin ruwa ya kai su Malta da Marsai, suka ratsa Faransa ta Faris, suka shiga Landan a watan Satumba. A wannan tafiya Dorugu ya fara ganin teku, ya fara ganin jirgin ƙasa.

Bayan ya raka Barth zuwa Jamus, Dorugu ya zauna a Chatham, garin da a lokacin ake ƙera jiragen ruwan yaƙi, maƙwabcin tsohon birnin Rochester, bisa tsohuwar hanyar Landan zuwa Kantabari. Mai masaukinsa wani ɗan mishan ne, James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana fama da koyon Hausa tun tafiyarsa ta kogin Kwara a 1841. Schön ya zaunar da yaron yana faɗa yana rubutawa, tatsuniyoyi da labarai da tarihin rayuwarsa, kuma da wannan taimako ya fitar da nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885, wanda a cikinsa labarin Dorugu yake. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fitar da labarin cikin Ingilishi tare da sharhi.

Abin da ya sa na daɗe a kan wannan yaro shi ne irin idon da ya kalli Ingila da shi. Ba wanda ya tsara masa hanya domin ya burge shi, gama bara ne, ba a damu da ra'ayinsa ba, saboda haka ya ga abin da manyan baƙi ba su cika gani ba. Ya lura da yadda ake zaman cin abinci a gidan Turawa, wa ke shiga gaba, wa ke zama kusa da wa, yadda ake sauya kwanoni, yadda mata suke ado. Ya bayyana su da natsuwar da Barth ya bayyana kasuwar Kano da ita, wato a matsayin al'adun wasu mutane masu ban mamaki waɗanda ya kamata a fahimta. A ganina nan darajar labarin take. Mun saba da Bature mai yawo yana auna mu, ga kuma yaron Kance yana auna Bature da mudun gidansu, cikin Hausar Damagaram ta shekaru 170 da suka wuce. Ɗalibaina na aji uku sun san René Caillié da shigarsa Tumbutu a 1828, amma in na ambaci Dorugu sai su dubi juna. Ya komo Afirka a 1864, ya yi aikin tafinta, daga baya ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawar Kano a 1909. A Kano ya rasu a 1912, shekara guda bayan dogo ya iso garin.

Kafin rasuwarsa an riga an yanka ƙasar Hausa biyu, kuma yankan bai faɗa inda yake yau ba tun farko. Yarjejeniyar 1890 ta ja layi daga Sayi zuwa Barruwa a bakin Cadi. Ta 14 ga Yuni 1898, wadda aka sa wa hannu a Faris, ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, sa'an nan ta bi layin digiri 14 zuwa gabas har mil 70 kafin ta gangaro kudu. Wanda ya ɗauki taswira ya auna zai ga Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi, har da mu nan Cadakori, duk mun faɗa ɓangaren Ingila a takarda. Faransawa suka tarar hanyar da aka bar musu daga kogin Kwara zuwa Zinder ba ta da rijiyoyi. Ayarin Voulet da Chanoine na 1899, wanda tsofaffinmu ba su manta da ɓarnarsa ba, ta cikin rabon Ingilar ya keto. Sai aka koma teburin ciniki. A Landan, ranar 8 ga Afrilu 1904, cikin babbar sulhun da ƙasashen biyu suka yi, aka mayar da iyaka kilomita 15 kudu da Maraɗi, Faransa kuwa ta saki wasu haƙƙoƙinta na kamun kifi a gaɓar Newfoundland, can arewacin Amurka. Aka ƙara gyara layin a Landan ɗin a 1906, sa'an nan Tilho da O'Shee suka bi daji suna kafa turaku har 1908. Da kifin wani teku da kakanninmu ba su taɓa jin sunansa ba aka yi musayar ƙasarsu, shi ya sa nake koyar da Faransanci a yau, ɗan'uwana na Jibiya yana koyar da Ingilishi.

Daga nan labarin ziyarar Ingila ya zama na ƴan'uwanmu na kudu da iyaka, ya kuma sauya kama, domin yanzu sarakuna ne ke zuwa, gwamnati ce ke tsara hanya. Wanda ya buɗe ƙofar shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda Ingilishi suka naɗa a 1906, ya yi sarauta har 1944. A 1921 jirgin ƙasa ya kai shi Ikko, jirgin ruwa ya kai shi Ingila, ya gana da Sarki Joji na Biyar, daga can ya wuce aikin hajji. Ya koma a 1924, ya sake komawa a 1933. A 1934 kuma Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Gwandu Usman da Sarkin Kano Abdullahi Bayero suka tafi tare. Abin da ake nuna wa irin waɗannan baƙi sananne ne: fada da majalisa, masana'antu, sojoji da jiragen sama, gidan namun daji, filin sukuwa. Manufar ba ɓoyayya ba ce. Ana so sarki ya koma gida ya faɗa wa talakawansa cewa ƙarfin da ya gani ba a ja da shi.

Sai dai baƙon yana da nasa lissafi. Masanin tarihi Moses Ochonu, cikin littafinsa Emirs in London na 2022, ya nuna yadda sarakunan da ƴan bokon Arewa suka mai da waɗannan tafiye-tafiye jari: wanda ya je ya gani da idonsa ya sami bakin magana a gaban Razdan da kuma gaban jama'arsa, shi ke zaɓen abin da ya dace a ɗauko da abin da za a bar wa masu shi. Dikko mutum ne mai son dawaki, a zamaninsa wasan folo ya kafu a Katsina, ɗansa Usman Nagogo ya shahara da shi. Haɗa Landan da Makka cikin tafiya guda ma dabara ce, gama wanda ya dawo da sunan Alhaji ba a iya ce masa ya je ya zama Bature.

Tafiyar 1924 tana da wani abin dariya mai ɗaci. A shekarar aka buɗe babban bajekolin daular Birtaniya a Wembley, gefen Landan, kuma sashen Afirka ta Yamma an gina shi ne da siffar birni mai jar ganuwa da ƙofofi irin na ƙasar Hausa, aka kawo masu sana'a daga Nijeriya da Gwalkwas suna saƙa da ƙira da jima a gaban ƴan kallo. Miliyoyin Ingilishi suka shigo jirgin ƙasa daga garuruwansu domin su ga birnin Hausa na kwaikwayo, a daidai lokacin da Sarkin Katsina ya bar birnin Hausa na gaske ya zo ganin nasu. Ɗaliban Afirka da ke karatu a Landan ba su ji daɗin yadda jaridu suka riƙa ba'a da mutanen da aka baje ba, kuma wannan fushi yana cikin abin da ya kai Ladipo Solanke da abokansa ga kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma a 1925. Faransa ta yi irin nata a Vincennes a 1931, da ginin ƙasa mai kama da na Jenne.

Wanda ya mai da ziyarar Ingila adabi shi ne Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma su zo su ga yadda Ingila take jure yaƙi, Imam yana cikinsu tare da Nnamdi Azikiwe. An zagaya da su bisa tsarin masu gayyata, amma abubuwa biyu da aka fi tunawa da su daga tafiyar ba sa cikin tsarin. Azikiwe ya rubuta takardar neman a sa ranar mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu, yana ganin ba da yawun Arewa aka rubuta ta ba. Sa'an nan ya je ya sami Lugga, wanda ya ci Kano da Sakkwato a 1903, tsoho ɗan shekara 85 a gidansa na ƙauye, ya zayyana masa illolin mulkin En'e da ƙuncin da samari masu ilimi suke ciki. Da ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, aka buga a 1944. Malamin Hausa da ya ajiye wannan littafi kusa da labarin Dorugu zai sami darasin mako guda cur: shekara kusan 90 tsakaninsu, ɗaya bara ɗaya edita, ɗaya ya faɗa aka rubuta masa, ɗaya ya rubuta da kansa yana sane da dubban masu karatu da ke jiransa.

Akwai birane biyu da tsarin yawon yau yakan gifta da sauri, alhali su suka fi kusa da tarihinmu. Libaful ita ce tashar da jiragen Elder Dempster suke tashi zuwa Ikko, kafin nan kuma ita ce babbar tashar cinikin bayi ta Ingila a ƙarni na 18, abin da garin bai buɗe masa gidan tarihi na musamman ba sai a 2007. Mancesta kuwa ita ta saƙa akoko da alawayyon da suka cika kasuwanninmu suka raunana masaƙanmu. Masu masaƙunta ne suka kafa ƙungiyar noman auduga a 1902, suka matsa a kai dogo Kano domin a kwaso musu kaɗa. Da dogon ya iso a 1911, manoma suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Gyaɗar Maraɗi ma ta Kano ta riƙa fita zuwa teku shekara da shekaru, kafin Faransawa su karkata ta zuwa Paraku da Kwatano a shekarun 1950. Fatar jar akuyarmu kuwa, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko domin ta can take isa gare su, masu ɗaure littattafai na Ingila sun san ƙimarta tun da daɗewa. Bahaushen da aka shigar da shi tsohon ɗakin karatu a Okusfod ya ga jajayen bangaye a jere, mai yiwuwa wani abin gida yake kallo, mai yi masa jagora kuwa ba zai faɗa masa ba, don ba ya cikin abin da aka koya masa ya faɗa.

A wajenmu, tsofaffin biranen suna nan, jerin ne ba a rubuta ba. Daga Cadakori, in aka bi hanyar Dakwaro, ana isa Birnin Lalle, ɗaya daga cikin tsofaffin mazaunan sarautar Gobir. Kudu da mu ga Tsibiri, wadda Gobirawa suka kafa a 1836 bayan faɗuwar Alƙalawa da yaƙin Gawakuke. Ga Maraɗi, inda Ɗan Kasawa ya tsayar da sarautar Katsina wajen 1819, wadda tsohon garinta na cikin fadama ambaliyar Gulbi ta 1945 ta ci, aka hau tudu aka sake gini da tituna miƙaƙƙu. Ga Gazawa da Tasawa inda Abdulkarim ya kwana, ga Kance, ga Birnin Zinder. Agadas kaɗai ce cikin biranenmu ta shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO, a 2013, alhali Bath tana ciki tun 1987. Kar guda da malamai biyu da izinin iyaye sun isa a kai aji ɗaya Tsibiri da Maraɗi a dawo kafin magariba, kuma ƙungiyoyin al'adu da ke karanta wannan mujalla suna da tsofaffin da suka san wace ƙofa ce ta ina, tun ba su tafi da sanin ba.

Dogo kuwa, wanda ya tsaya a Kano a 1911 da Ƙauran Namoda a 1929, bai taɓa ƙetaro iyakar 1906 ba. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin hanyar jirgi mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi. Bisa tsarin da aka zana, za ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya kafin ta shigo ƙasar nan.